Yadda ake haɗa fim ɗin barkwanci kan ɓarawo mai neman suna da ɗan jari kaɗan

A 1992 wasu samari uku masu harkar fim a ƙasar Beljiyam, Rémy Belvaux da André Bonzel da Benoît Poelvoorde, suka kai wani fim baƙi-da-fari bikin fina-finai na birnin Cannes a Faransa. Sunansa da Faransanci C'est arrivé près de chez vous, wato a kusa da gidanku abin ya faru, masu jin Ingilishi kuma sun san shi da Man Bites Dog. Labarin wani ɗan fashi ne mai kisan kai, mai baki kamar reza, wanda wasu 'yan fim marasa ko sisi suke bi da kyamara duk inda ya sa ƙafa, wai suna ɗaukar tarihin sana'arsa. Abin da aka kashe bai wuce kimanin farank miliyan ɗaya na Beljiyam ba. Ya ciyo kyaututtuka a Cannes, har gobe kuma yana da 'yan gani-kashe-ni.

Tun kafin su, a 1974, John Waters na birnin Baltimo a Amurka ya yi Female Trouble da kimanin dala 25,000. Yarinya ce ta gudu daga gida, daga baya ta faɗa hannun wasu mata da miji masu shagon gyaran gashi. Suna ɗaukar hotonta tana aikata laifi, suna hure mata kunne cewa ita tauraruwa ce, har ta hau kujerar kisa ta lantarki tana jawabin godiya kamar wadda aka miƙa wa lambar yabo.

Bari in faɗa tun yanzu: duka biyun cike suke da batsa da zubar da jini, ba na kallo da iyali ba ne, ban kuma ce ka kwashi abin da ke cikinsu ba. Yadda aka gina su shi ne abin ɗauka. Masu su ba su ɓoye talaucinsu ba, sai suka saka shi cikin labarin ya zama abin dariya. Duk matakan da ke tafe a kan wannan dabara suka tsaya.

Fara da abin da ke hannunka

Kada ka buɗe littafin rubutu tukuna. Ɗauki takarda ka jera duk abin da za ka samu kyauta: shagon kawunka, zauren gidanku, kangon da ke bayan unguwa, Keke Napep ɗin aboki, garejin bakanike ranar da ba a aiki, akuyar inna. Ka jera mutanen da za su zo ko ba ka ba su kuɗin mota ba. A kan wannan jeri za ka ɗinka labari. Wanda ya fara rubuta fashi a banki sannan ya fita neman banki, fim ɗinsa a takarda zai tsufa.

Samarin Beljiyam haka suka yi. Su ukun suka rubuta tare da wani abokin aikinsu, Vincent Tavier, suka ba da umarni, suka fito a ciki da sunayensu na gaskiya. Mahaifiyar Poelvoorde da kakanninsa su suka fito a matsayin dangin ɗan fashin. Bonzel ya ce daga baya tsofaffin ba su san ainihin labarin ba, sun ɗauka hoton ɗansu kawai ake ɗauka. Wannan kam kada ka yi wa naka. Tsohuwa ta ga kanta a fim ɗin ɓarayi ba da saninta ba, ai ka jawo wa kanka baki.

Gina gogan naka

A nan nake so ka ɓata lokaci, don nan ne fim yake tashi ko ya faɗi. Ɓarawon da ke sata don yunwa abin tausayi ne. Ɓarawon da ke sata don a san shi, shi ne abin dariya, saboda sana'arsa ɓuya take so, zuciyarsa kuma tana son fitila. Duk raha daga wannan karo take fitowa. Mutum ne da ke rufe fuska da rawani zai haura katanga, sai ya tuna ana ɗauka, ya sassauta rawanin don a gane shi.

Ga misali da za ka iya murɗawa yadda kake so. Wani ɗan sane ne da ya shekara goma sha yana yankan aljihu a tasha. Wata rana aka kama yaron da ya koya wa sana'a, aka yi holinsa gaban 'yan jarida, rediyo ya kira yaron "ƙasurgumin ɓarawo". Gogan namu bai yi barci ba daren nan. Shi da ya koyar, ko sau ɗaya ba a taɓa ambatonsa ba! Washegari ya ɗauko hayar mai ɗaukar hoton biki, ya ce ya riƙa binsa, za su yi fim ɗin rayuwarsa.

Da ka samu wannan, sai ka amsa tambayoyi uku a rubuce. Me yake ganin kansa? Ƙwararre, mai ilimin sana'a, wanda zamani bai yi wa adalci ba. Me mai kallo yake gani? Wawa mai haɗari. Wane ne bai san komai ba? Uwarsa, wadda ke faɗa wa maƙwabta ɗanta yana harkar sufuri. Ka ba shi wani abu da yake tinƙaho da shi wanda bai shafi sata ba. Ɗan fashin Beljiyam waƙoƙi yake rerawa a kan tattabaru, yana sukar yadda ake gina gidajen talakawa, sannan ya juya ya yi wa kyamara darasi kan nauyin da ake ɗaura wa gawa don ta nutse, da murya irin ta malamin lissafi. Natsuwar da yake maganar ce ke sa ka dariya, sai kuma ka ji kunyar dariyar. Naka gogan yana iya zama mai wa'azin tarbiyya, kullum yana kukan yaran zamani ba su da ladabin sata, ba sa gaida na gaba.

Doka ɗaya: kada ya san shi abin dariya ne. Babu zare ido, babu gwalo, babu faɗuwa da gangan. Camama tana da gidanta, marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙe ta har ya bar duniya a 2014, amma wannan wani salo ne dabam. A nan da gaske ake komai.

Ba kyamara dalilin zuwanta

Wannan ita ce dabarar da ke ceton aljihu. Idan mai ɗaukar hoto yana cikin labarin, duk wata gazawa ta koma gaskiya. Hoto ya yi rawa, ai gudu suke. Haske ya yi ƙasa, ai an ɗauke wuta. Sandar makirfo ta leƙo, ai dama mai riƙe da ita ɗan wasa ne. Ba ka bukatar ɗaukar fitowa ɗaya ta kusurwa huɗu, kyamara ɗaya ce a duniyar labarin.

Amma dabarar tana da haraji. Duk abin da aka gani, dole ya zama akwai wanda ya ɗauke shi da dalilin ɗaukarsa. Ba za ka nuna gogan shi kaɗai a ɗaki yana tunani ba, sai dai in ya jingina waya da kansa yana magana da ita. Ba mafarki, ba waiwayen baya, ba kiɗan tausayi da ke saukowa daga sama. Ka rubuta waɗannan ƙa'idoji a bangon littafinka, don ranar da ka karya ɗaya mai kallo zai farka.

Sannan ka sa mai kyamarar ya riƙa zamewa a hankali. Da farko kallo kawai yake, yana cewa shi aikinsa ɗauka. Sai a ce ya ɗan riƙe jaka. Sai ya haska fitila. Sai ya duba hanya. A fim ɗin Beljiyam kuɗin 'yan fim ne ya ƙare, ɗan fashin ya ce shi zai ɗauki nauyi, daga nan suka zama yaransa. Masu ɗaukar sautinsu ana harbe su ɗaya bayan ɗaya, darakta kuma ya fuskanci kyamara da hawaye ya maimaita kusan ta'aziyya iri ɗaya, a ci gaba da aiki. A naka, mai hoton biki yana bin gogan kuɗin aiki, gogan ya ce sai an yi "aiki" na gaba za a biya shi. Ka ga yanzu shi ma yana addu'ar sata ta yi kyau.

Rubutun kansa

Shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo. Idan wannan ne fim ɗinka na farko, ka tsaya tsakanin minti 25 da 40. Wurare kada su wuce biyar, masu magana kada su wuce shida. Ka rubuta kowace fitowa a kati ɗaya: ina ne, su wane ne, me gogan yake so, me ya samu a maimakonsa. Ka baje katunan a tabarma ka duba ko kowane ya fi na bayansa zafi. In biyu suna aiki iri ɗaya, yaga ɗaya.

Matakalar labarin tana iya tafiya haka. Ya yi sata, ba wanda ya kula. Ya yi wadda ta fi ta, jarida ta rubuta sunansa ba daidai ba, ya buga waya yana neman a gyara. An sa hoton wani a matsayinsa, ya fusata. Bidiyonsa ya bazu a TikTok, amma ba don satar ba, don yadda wandonsa ya maƙale a katanga. Yara suna kwaikwayonsa a layi. Ya samu sunan da yake nema, ba irin wanda ya so ba.

Sai ka zaɓi wurin da dariya za ta tsaya cak. Wajen kashi biyu cikin uku na fim, a sa fitowa ɗaya da ba raha a ciki: dattijon da aka yanke wa aljihu yana zaune a bakin tasha, kuɗin maganin matarsa ne, ba ya kuka, yana ta shafa aljihun kawai. Kyamara ta daɗe a kansa fiye da yadda mai kallo zai so. Ba mai wa'azi, ba malamin da zai fito ya fassara. In babu wannan fitowa, tallar sata ka yi. In kuma ka cika su da yawa, ka koma wasan faɗakarwa na rediyo.

Zance kuwa, rubuta ƙashin bayansa ka bar wa ɗan wasa tsoka. Ka rubuta jimlar farko da ta ƙarshe ta kowace fitowa da abin da dole a faɗa a tsakiya, sauran ya cika da bakinsa.

'Yan wasa

Kada ka kashe rabin jarinka kan fitaccen jarumi na kwana ɗaya. Fuskar da aka sani ma ɓata wannan salo take, don da an gan ta an san wasa ne. Nemi mutumin da in ya zauna a majalisa ba mai tashi, mai iya zuba na minti biyar ba tare da ya yi dariyar kansa ba. Gwada shi haka: kunna waya, ka ce ya koya maka yadda ake gane aljihun da ke da kuɗi, da gaske, kamar yana koyar da sana'a. In ya kalli kyamara yana neman ka yaba, ba shi ba ne. Waters da abokansa na Baltimo ya yi ta aiki fim bayan fim, har masu kallo suka haddace fuskokinsu. Ka yi rihazal na kwana biyu ko uku a ainihin wuraren, kowa kuma ya sa hannu a takardar yarda, har mai shagon da ya ba ka aro.

Izini, kaki da makami

A 1969 Waters da mutanensa sun tsinci kansu gaban alƙali saboda wata fitowa ta tsiraici da suka ɗauka a harabar jami'ar Johns Hopkins ba izini. Kai naka haɗarin ya fi wannan. Fim ɗin sata kake ɗauka da salon da ya yi kama da gaske, a garin da ihun "ɓarawo!" ɗaya ya isa a taru a kan mutum da duwatsu kafin ka buɗe baki. Saboda haka ka gaida mai unguwa, ka kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, ka sanar da 'yan sintiri da shugaban tasha ko na kasuwa. Ranar ɗaukar guje-guje ka tsayar da mutum biyu a bakin layi suna faɗa wa masu wucewa fim ne. Kada a yi ihun nan a fili ko kusa, a ɗauke shi a ɗaki daga baya a ɗora.

Kakin ɗan sanda sai da izini. Mafi sauƙi, ka sa ɗan sandan farin kaya, ko a ji muryarsa kawai daga bayan kyamara. Bindiga ta gaske, ko da an rantse maka ba harsashi, kada ta zo lokeshan. Brandon Lee a 1993 da mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021 duk a wurin ɗaukar fim bindiga ta kashe su a Amurka, inda ake da ƙwararru da inshora. Reza da wuƙa ma a dakushe su, ko a yi na roba. Ɗan sane dai ba ya bukatar bindiga, wannan ma wani dalili ne na zaɓensa.

Kayan aiki

Wayar da ke ɗaukar 1080p ta isa. Saita ta a hoto 25 a daƙiƙa, saurin shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ga kowane hoto) 1/50, don wutar lantarkinmu mai zagaye 50 a daƙiƙa ce, in ba haka ba za ka ga ƙwan fitila yana ƙyafta ido a hoton. Kulle haske da fokas kafin ka danna, ka sa ta a yanayin jirgi kada kira ya yanke maka ɗauka.

Kuɗinka a kunne za ka zuba shi. Mutane suna yafe hoto mai duhu, ba sa yafe maganar da ba sa ji, barkwanci kuma a magana yake. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga guda biyu, ka ɗauki sauti a wata waya dabam a kan 48kHz, mutum ɗaya ya sa abin ji a kunne ba ya yin komai sai saurare. A tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da wannan tafi edita zai haɗa baki da murya. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a ɗauki shirun wurin na minti ɗaya, da shi ake cike gurbi.

Mun taɓa wuni guda muna ɗaukar hira a wani zaure, kowa na murna. Da dare muka kunna, ashe injin markaɗen maƙwabta yana ta ruri a ƙarƙashin kowace jimla, kunnenmu ya saba da shi har mun daina jinsa. Tun daga ranar, in na je duba wuri sai na rufe ido na tsaya minti biyu: ina janareto, ina injin niƙa, ina makarantar allo, ƙarfe nawa ake kiran salla a masallacin layin.

Baƙi-da-fari ba dole ba ne, amma yana rufa asiri. Yana ɓoye bambancin launin fitilu, ya sa jinin zobo mai kauri da garin koko ya zama kamar na gaske. In za ka bi shi, yanke shawara kafin ɗauka, ka duba kaya da bango a haka, don ja da kore suna iya komawa toka iri ɗaya.

Ranar ɗauka

Tsara aiki bisa wuri, ba bisa jerin labari ba: duk abin da ya faru a gareji a gama shi rana ɗaya. Waje da sassafe ko bayan la'asar, cikin ɗaki da tsakar rana. Kowace fitowa a ɗauke ta sau uku, ɗaya yadda aka rubuta, ɗaya a sake wa ɗan wasa linzami, ɗaya don gyaran abin da ya kuɓuce. Kada ka yi saurin cewa a yanke. Bar kyamara ta ci gaba daƙiƙa goma bayan an gama magana, sau da yawa abin dariyar yana cikin shirun nan, lokacin da gogan yake jiran a yaba masa ba wanda ya tanka.

Samarin Beljiyam kuɗi ya sha yanke musu, aikin ya ja fiye da shekara. In haka ta same ka, abin da zai tona maka asiri aski ne da kaya. Ɗauki hoton kowane ɗan wasa a kowace fitowa, ka karɓe kayan wasan ka kulle a jaka, kada kowa ya tafi da su gida. Abinci kuma kada ka yi wasa da shi. Wanda ba ka biya ba, aƙalla ya ci shinkafa da wake mai zafi a kan lokaci. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka wuri biyu kafin a goge komai.

Editin

DaVinci Resolve, manhajar haɗa bidiyo, yana da na kyauta in kana da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, in babu CapCut zai yi. Haɗa komai a jere tukuna, sannan ka fara yanka. Shiga fitowa a makare, fita da wuri. Mafi arhar abin dariya a wannan salo shi ne yanka mai ƙaryata magana: gogan ya ce shi ba a taɓa kama shi ba, nan take a nuna shi tsugune ana yi masa aski da kwalba. Tara mutum goma da ba su san labarin ba ka kunna musu, kai kuma ka zauna a gefe kana kallon fuskokinsu. Duk inda hannu ya tafi aljihu neman waya, rubuta mintin, ka je ka rage. Fitowar da ka fi so ma in ba ta motsa kowa ba, cire ta. Waƙar wani kada ta shiga, YouTube zai gano ta ya karkatar da kuɗin ko ya toshe bidiyon. Nemi mai kalangu ko mai gurmi ya yi wa gogan kirari, ka biya shi, a rubuta yarjejeniya. Ɓarawon da ya yi hayar maroƙi don kansa ma fitowa ce guda.

Fitarwa

In a Kano kake, fim sai ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ta tarayya kuma NFVCB tana nan tun 1993. Kada ka ce ai YouTube ne ba ruwansu, a watan Mayun 2025 hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 kan rashin kai su a duba. Kai musu labarin tun yana takarda ya fi maka arha a kan a ce ka cire fitowar da ka kashe kwana biyu a kanta.

'Yan gani-kashe-ni ba a sayensu da talla. Waters a zaurukan coci na Baltimo ya fara haska fina-finansa, daga baya sinimomin da ke nuna fim da tsakar dare suka ɗauka, mutane suka riƙa dawowa suna jan abokansu. Kai ma fara da ƙaramin ɗaki: gidan kallon ƙwallo ranar da ba wasa, ko zauren ɗalibai. Cikakken ɗaki mai mutum 40 ya fi zauren 400 da rabi ba kowa, dariya a cunkoso take yaɗuwa. Ka tsaya a bakin ƙofa lokacin fita ka saurari jimlar da suke maimaitawa. Ita za ka yanko, daƙiƙa 30 zuwa 40, ka saka a TikTok da Facebook da WhatsApp ba tare da dogon bayani ba, sai sunan fim a ƙarshe. Ka sa fassarar Ingilishi da Faransanci a ƙasan cikakken fim ɗin, Faransancin saboda masu kallo na Nijar da Kamaru da Chadi da kuma bukukuwan fina-finai irin FESPACO na Wagadugu a Burkina Faso. Sai dai a kan gajerun yankan nan ka rubuta "fim ne" ƙarara a kusurwa, don kada jaruminka ya shiga tasha wata rana a riƙe masa wuyan riga.